BABI NA TARA: SARA DA RAHA A SUNAYEN ƘWALAMA A UNGUWANNIN MASANA'ANTU NA KANO

9.0 Gabatarwa

Harshe rayayyen abu ne, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da rayuwar masu magana da shi. Duk inda jama'a suka taru a kan sana'a ɗaya ko buƙata ɗaya, sukan samar wa kansu wasu kalmomi da salon magana waɗanda baƙo ba zai fahimce su kai tsaye ba. Wannan ne ya haifar da abin da masana walwalar harshe suke kira Hausar rukuni, kamar Hausar 'yan kasuwa da ta mahauta da ta 'yan tasha da ta ɗalibai. A wannan babi an waiwayi wani ɓangare na irin wannan Hausa wanda ba a cika kula da shi ba, wato sara da raha da ake yi da sunayen ƙwalama. An ɗauki unguwannin masana'antu na Kano, wato Bompai da Sharaɗa da Challawa, a matsayin muhallin nazari, saboda wurare ne da suka tara leburori da masu talla daga sassa daban-daban, kuma ciki ne yake haɗa su a ƙofar kamfani safe da rana da dare.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar sara da ta ƙwalama;
(b) kawo hanyoyin da ake bi wajen ƙirƙirar sunayen raha na ƙwalama tare da misalai;
(c) bayyana dalilan da suke sa ma'aikata yin raha da abincinsu;
(d) nuna yadda malami zai yi amfani da sara a aji ba tare da ta gurɓata Daidaitacciyar Hausa ba.

9.2 Ma'anar Sara da Ƙwalama

Sara ita ce sabuwar kalma, ko tsohuwar kalma da aka ba sabuwar ma'ana, ko wani salon magana da wani rukunin jama'a suke yayi na wani lokaci. Siffofinta guda uku ne. Na farko, ta fi yawa a bakin matasa da mazauna birane. Na biyu, tana ɗauke da raha ko zolaya ko sakaya zance. Na uku, ba ta cika daɗewa ba: wata takan mutu bayan 'yan shekaru, wata kuwa takan zauna daram har ta shiga ƙamus, a manta cewa da sara ta fara.

Ƙwalama kuwa ita ce duk wani abin ci da ake ci don marmari ko don rage yunwa kafin lokacin cin abinci sosai. Hausawa suna da maganganu da dama da suke nuni da ita, kamar ƙwalam da maƙulashe, da kayan tanɗe-tanɗe da lashe-lashe, da abin motsa baki. Misalanta sun haɗa da ƙuli-ƙuli da gyaɗa da aya da dakuwa da gugguru da kantu da ƙosai da awara da fanke da alawa. A nan akwai abin lura. Iyakar da ke tsakanin ƙwalama da abinci ta danganta ne da aljihun mai ci. Gurasar da mai hali zai ci da la'asar don marmari, ita ce abincin ranar lebura gaba ɗaya. Saboda haka a wannan babi an haɗa har da ƙananan abincin da ake sayarwa a bakin titi, irin su ɗan wake da garau-garau, domin a bakin ma'aikata duk tafiyarsu ɗaya.

9.3 Muhallin Nazari

Kano tsohuwar cibiyar ciniki da sana'a ce, wadda ta yi suna a saƙa da rini da jima tun kafin zuwan Turawa. Isowar jirgin ƙasa a shekarar 1911 ta buɗe cinikin gyaɗa, wanda ya kai ga dalar gyaɗa da birnin ya shahara da ita. Bompai, wadda take cikin Ƙaramar Hukumar Nasarawa, ita ce unguwar masana'antu ta farko, kuma ta fara bunƙasa ne tun a ƙarshen zamanin mulkin mallaka. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 da samuwar arzikin man fetur a shekarun 1970, Sharaɗa ta bunƙasa kashi-kashi har zuwa kashi na uku. Challawa kuwa tana cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso, kusa da kogin da ta samo sunanta daga gare shi, kuma ta yi fice wajen masana'antun jimar fata. A waɗannan unguwanni an kafa masaƙu da kamfanonin man gyaɗa da na robobi da na alawa da biskit da na lemon kwalba.

Abin da ya shafi mai nazarin harshe a nan shi ne tsarin aikin. Kamfani yana aiki ne da agogo, wasu ma'aikata su kwana suna aiki, wasu su karɓe su da safe, hutun cin abinci kuma gajere ne. Ma'aikaci ba shi da sukunin komawa gida ya ci tuwo. Don haka kasuwa ta kafu a ƙofar kusan kowane kamfani: ga teburin mai shayi, ga mai tuyar ƙosai da awara, ga 'yan mata masu tallan gyaɗa da ɗan wake, ga mai tsire da yamma. A wannan 'yar kasuwa Bakano yakan zauna benci ɗaya da Bakatsine da Bazazzagi da ɗan ci-rani daga Damagaram ko Maraɗi, har da Bayarabe da Ibo da Tibi waɗanda Hausa ce ta zama harshen hulɗarsu. Irin wannan cakuɗuwa ita ce takin da sara take tsira a kai. Ba a ƙofar kamfani aka haifi dukkan kalmomin da za a kawo ba, domin da yawansu ana jin su a makarantu da tashoshin mota da cikin unguwanni, amma a nan ake jin su a tattare, kullum, daga bakunan mutane iri-iri.

9.4 Hanyoyin Ƙirƙirar Sunayen

9.4.1 Kamance

Hanya mafi yawa ita ce a dubi siffar abin ci ko launinsa, a kamanta shi da wani abu na daban wanda ba a zaci za a haɗa su ba. Daga wannan rashin zato ne dariya take fitowa. Misali:

(a) Ruwan bunu: shayin da ba a sa masa madara ba. Bunu shi ne tsohuwar ciyawar jinka da ta yi baƙi. Ruwan sama idan ya bi ta cikinta yakan sauko da launi ja-ja baƙi-baƙi, daidai da launin shayin wanda bai da kuɗin madara. Kishiyarsa shi ne haɗin kauri, wato shayin da aka zuba wa madara da sauran kayan haɗi har ya yi kauri.
(b) Hanjin ligidi: alawar sukari da ake ja ta yi tsawo, aka kamanta ta da hanji.
(c) Carbin malam: ƙwalamar da take zuwa ƙanana-ƙanana a jere kamar ƙwayoyin carbi. Rahar da ke ciki ita ce, carbi na ja ne, wannan kuwa na ci ne.
(d) Tuwon madara: madarar gari da aka sarrafa da sukari ta daskare, aka ba ta sunan abinci mafi nauyi a gidan Bahaushe, alhali loma ɗaya ce.

Ɗalibi zai lura cewa duk waɗannan harɗaɗɗun sunaye ne masu tsarin suna da mahaɗi da suna. Mahaɗin -n ne ya ɗaure kalmomin biyu, kuma ma'anar da aka samu ba ita ce jimillar ma'anonin kalmomin ba.

9.4.2 Amsa-kama da Ninki

Wasu sunayen an gina su ne a kan yadda abin yake a ido ko a baki ko a kunne. Garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, suna ne da yake nuna yadda ƙwayoyin suke a warwatse ba miyar da ta haɗa su. Gyaɗa marau-marau ita ma haka take. Ninki a nan yana nuna yawa da maimaituwa, kamar yadda yake a tanɗe-tanɗe da lashe-lashe da ciye-ciye, inda ake nufin ci kaɗan-kaɗan, iri-iri, ba a zauna an ƙoshi ba.

9.4.3 Amfani da Ɗan da 'Yar

Hausa takan yi amfani da ɗan da 'yar don nuna ƙanƙanta ko dangantaka, kuma sunayen ƙwalama sun ci moriyar wannan ƙwarai. Akwai ɗan wake da ɗan malele da 'yar tsala. Akwai 'yar murji, wato taliyar Hausa da ake murzawa. Akwai kuma 'yar lallaɓa, sunan da ake kiran wainar fulawa da shi, wanda yake da alaƙa da aikatau lallaɓa, domin siririya ce, sai an bi ta a hankali wajen juyawa a tanda ko kasko. Irin wannan suna yana mayar da abinci kamar wani ɗan gida da aka saba da shi, wanda hakan wani nau'i ne na mutuntarwa.

9.4.4 Aro

Kano ta daɗe tana karɓar baƙi, sunayen ƙwalamarta kuma shaida ne. Daga Larabci aka aro gurasa da alawa da shayi. Daga Ingilishi aka sami fanke da biskit da cingam da minti. Awara tana da alaƙa da kalmar Yarabanci wara, wato cukun madara, amma a bakin Bahaushen yau ta waken suya ake nufi, wadda ta yaɗu bayan ƙoƙarin da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta yi na koyar da sarrafa waken suya tun daga ƙarshen shekarun 1980. Tsami gaye, alawar da ake yi da garin 'ya'yan kuka da sukari, ta haɗa kalmar Hausa tsami da kalmar sara gaye, wadda aka aro daga Ingilishi ana nufin saurayi ɗan ƙwalisa.

Wani nau'in aron shi ne mayar da sunan kamfani ya zama sunan abu. Taliyar Indomie, wadda asalinta daga Indunusiya ne, an fara yin ta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. A teburin mai shayi kuwa duk wata taliya mai irin wannan ƙira indomi ce, ko wane kamfani ya yi ta, kamar yadda omo ya zama sunan kowane garin sabulu, magi kuma na kowane ɗanɗanon miya.

9.4.5 Faɗaɗa Ma'ana

A nan kalmar ci ko sha ce take barin kwano ta shiga wasu fannonin rayuwa. Goro abin taunawa ne, amma idan aka ce a ba da na goro, ana nufin ɗan ihsani, wani lokaci ma toshiyar baki. Romo ruwan nama ne, amma romon baka alkawari ne da ba a cika ba. Bayan komawa mulkin farar hula a 1999, kafofin watsa labarai suka yayata romon dimokuraɗiyya. Lashe daga lasa take, amma yau ana cewa wane ya lashe zaɓe ko ƙungiya ta lashe kofi, kuma babu mai jin wannan a matsayin wasa. Wannan misali ne na kalmar da ta tashi daga raha ta zama karɓaɓɓiya a rubutu.

9.4.6 Wasa da Kalma

Wani lokaci kalmomi biyu sukan zo da rubutu iri ɗaya amma ma'ana daban. Ganda fatar sa ce da ake babbakewa a dafa a ci, ganda kuma ƙyuya ce da ƙin aiki. A Challawa da Sharaɗa wannan kalma tana da wani nauyi na musamman, domin fatar da ake ci a matsayin ganda ita ce kuma kayan aikin majema, kuma masu harkar fata a Nijeriya sun daɗe suna kukan cewa cin ganda yana rage musu fatun da za su jeme. Saboda haka ma'aikacin majema da ya sayi ganda a ƙofar kamfani yana iya shan zolaya ta fuska biyu: a ce yana cinye kayan aikin maigidansa, ko a ce abin da yake ci ne ya bi jikinsa.

9.5 Misalin Hira

Ga hirar da aka tsara don nuna yadda waɗannan kalmomi suke aiki a cikin zance. Ma'aikata biyu ne suka sauka daga aikin dare suka tsaya wurin mai shayi.

Na farko: Salamu alaikum. Baba, a ba ni ruwan bunu da burodi rabi.
Mai shayi: Alaikumus salam. Yau kuma bunu? Ina haɗin kaurin shekaranjiya?
Na farko: Ai shekaranjiya wata bai yi nisa ba, Baba.
Na biyu: Ni dai a soya mini indomi, a fasa ƙwai biyu.
Na farko: Iye! Ranka ya daɗe, ashe da manya muke tafe.
Na biyu: Wane manya? A littafi za a rubuta. Baba, a haɗa da na jiya.
Mai shayi: To, Allah ya kai mu ƙarshen wata. Kada dai ya zama romon baka.

A wannan 'yar hira babu wanda ya furta cewa ba shi da kuɗi, babu kuma wanda ya ce yana bin wani bashi, amma duk an faɗa, an kuma fahimta. Ranka ya daɗe da aka ce wa na biyu ba girmamawa ba ce, zolaya ce tsakanin tsara. Baba da ake kiran mai shayi kuwa girmamawa ce ta gaske, domin ya girme su, kuma shi ne mai rufa musu asiri.

9.6 Dalilan Yin Raha da Abinci

Dalili na farko shi ne kunya da rufin asiri. A al'adar Bahaushe abin kunya ne namiji ya fito fili ya yi kukan yunwa, kuma kwaɗayi abin zargi ne, shi ya sa ake cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. Suna na raha yana ba mutum damar ambaton halin da yake ciki ba tare da ya zubar da girmansa ba. Wanda ya ce a ba shi ruwan bunu ya riga kowa yi wa kansa dariya, don haka babu sauran mai yi masa.

Dalili na biyu shi ne matsin tattalin arziki. Daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin tsuke bakin aljihu da aka fi sani da SAP, darajar naira ta faɗi, kayan aikin da ake shigowa da su suka yi tsada. Wannan, tare da ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kayan waje masu araha, ya sa masana'antu da yawa a Kano, musamman masaƙu, suka rage ma'aikata ko suka rufe. A irin wannan yanayi ne lissafin cin abinci da lambobi ya yaɗu a tsakanin ɗalibai da ma'aikata a faɗin Nijeriya, inda 1-0-1 yake nufin a ci da safe da dare a tsallake rana, 0-1-0 kuma a ci sau ɗaya tak. Sifirin nan shi ne gurbin da ƙuli-ƙuli da garin kwaki da gyaɗa suke cikewa. Janye tallafin man fetur a 2023 ya sake tsananta tsadar abinci. Bahaushe ya ce da babu gara ba daɗi, kuma raha tana cikin abin da ke sa a haɗiye ba daɗin.

Dalili na uku shi ne zumunci. Sanin kalmomin rukuni alama ce ta zama ɗan gida. Sabon lebura da ya fara cewa haɗin kauri ko garau-garau ba tare da an fassara masa ba, ya shiga sahu, ko da kuwa Hausa ba harshen uwarsa ba ce.

Dalili na huɗu shi ne talla. Suna mai ban dariya yana jawo mai saye, musamman yara, kuma yana da sauƙin riƙewa.

Haka kuma, tattalin arzikin da yake haifar da sara shi ne yake kashe ta. Takardar naira 20 mai hoton Janar Murtala Muhammed, wadda ta fito a 1977, ta sa ana kiran wannan kuɗi Murtala, har mai saye ya ce a ba shi ƙosai na Murtala. Da darajar takardar ta zube har ba ta sayen abin kirki, sai wannan magana ta ja baya a bakin masu tuya. Hakazalika duk kamfanin da ya rufe, 'yar kasuwar ƙofarsa takan watse, kalmomin da aka saba ji a wurin su bi masu su.

9.7 Sara a Cikin Aji

Malamin Hausa zai tarar da waɗannan kalmomi a bakin ɗalibansa, musamman a makarantun da ke kewayen Sharaɗa da Panshekara da Dakata, inda iyayen yara da dama ma'aikatan kamfani ne ko masu sayar musu da abinci. Akwai kuskure iri biyu da ya kamata ya guje wa. Na farko, ya ɗauki sara a matsayin ɓatacciyar Hausa ya riƙa tsawata wa yara a kanta. Na biyu, ya sakar mata linzami har ta cika rubutun insha'i da wasiƙar neman aiki. Abin da ya dace shi ne ya koya wa yara cewa kowace magana da muhallinta. Ga wasu hanyoyi:

(a) Nahawu: a yi amfani da carbin malam da ruwan bunu da tuwon madara wajen koyar da harɗaɗɗen suna da mahaɗi, domin yara sun riga sun san su.
(b) Ƙa'idojin rubutu: kalmomi irin su ƙuli-ƙuli da ɗan wake da 'yar lallaɓa suna da amfani wajen koyar da baƙaƙe masu ƙugiya da karan ɗori.
(c) Adabi: a nuna kamance da mutuntarwa a sunayen kafin a kai yara ga misalan da ke cikin waƙa da zube.
(d) Insha'i: a ba yara hira irin ta 9.5 su mayar da ita Daidaitacciyar Hausa, su ga abin da aka samu da abin da aka rasa.
(e) Adanawa: a sa yara su tambayi iyaye da kakanni sunayen ƙwalamar zamaninsu, sannan a duba ko suna cikin ƙamusun Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Kalmar da ba a samu ba a rubuta ta da ma'anarta da wurin da aka ji ta.

Wajibi ne kuma malami ya yi hattara. Rahar da lebura yake yi wa kansa daban take da dariyar da za a yi wa yaro a gaban 'yan ajinsu saboda abin da ya zo da shi na tara. Kada malami ya tambayi yaro abin da aka ci a gidansu, kada kuma ya bari a laƙaba wa wani sunan abinci. Darasin na nazarin kalma ne, ba na tonon asirin gidaje ba.

9.8 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar sara da ƙwalama, an kuma kawo taƙaitaccen tarihin Bompai da Sharaɗa da Challawa a matsayin wuraren da Hausar rukuni take bunƙasa. An nuna hanyoyi shida da ake bi wajen ƙirƙirar sunayen raha, wato kamance da amsa-kama da amfani da ɗan da 'yar da aro da faɗaɗa ma'ana da wasa da kalma. An ga cewa kunya da matsin rayuwa da zumunci da talla su ne suke haifar da wannan raha, kuma sauyin tattalin arziki yana iya kashe ta. Daga ƙarshe an nuna cewa malamin da ya san waɗannan kalmomi ya sami kayan koyarwa a bakin ɗalibansa, muddin ya kiyaye mutuncinsu kuma ya nuna musu iyakar da ke tsakanin sara da Daidaitacciyar Hausa.

9.9 Tambayoyin Bita

1. Mece ce sara? Kawo siffofinta guda uku.
2. Bayyana yadda tsarin aikin kamfani ya taimaka wajen bunƙasar Hausar rukuni a unguwannin masana'antu na Kano.
3. Yi sharhi a kan kamancen da ke cikin ruwan bunu da carbin malam.
4. Kawo sunayen ƙwalama biyar da aka aro, tare da harsunan da aka aro su.
5. Me ya sa ake cewa lashe ta tashi daga raha ta zama karɓaɓɓiyar kalma? Kawo wasu misalai biyu irinta.
6. Tsara darasi na minti 40 ga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a kan harɗaɗɗen suna, ta amfani da sunayen ƙwalama.

Aikin Fili: Ɗalibi ya ziyarci teburin mai shayi ko wurin mai tuya da ke kusa da wata masana'anta ko tashar mota, ya nemi izini, ya tattara kalmomin sara goma da suka shafi ci da sha. Ya rubuta ma'anar kowace, da hanyar da aka bi wajen ƙirƙirar ta, ba tare da ambaton sunan kowa ba.